Baƙin shafen allurar injekta: me ya sa wani yake ɓarewa?

Bakanike_Suame: Salamu alaikum jama'a. Shekarata 14 ina gyaran injin dizil a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi. Allurar injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ta asali tana da wani baƙin shafe mai sheƙi, sai ta yi shekaru bai ƙwarzane ba. Bayan ƙaramar salla na sa wa wani direban tirela sabuwa mai araha, ita ma baƙa wuluk. Wata uku ya dawo, shafen ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Kunya ta kama ni, don mutumin ya amince da ni. Shin fenti ne kawai?

ƊanAboabo: Wa alaikumus salam, yaya. Ba fenti ba ne, kabon ne, ana ce masa DLC, wato kabon mai kama da lu'ulu'u. Shi na karanta a jami'a. Lu'ulu'u da bakin fensir duk kabon ne, yadda ƙwayoyin zarra na kabon suka riƙe juna ne ya raba su. Shafen nan gaurayen biyun ne, kaurinsa maikuron 1 zuwa 3 galibi (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake harba ƙwayoyin kan ƙarfen. In ƙarfin harbin ya kai wajen eV 100 (eV ma'aunin ƙarfin harbin ne), suna kutsawa su matse, riƙon lu'ulu'u ya yi yawa. In ya gaza, shafen ya fito da taushi. In ya wuce sosai, ko ƙarfen ya yi zafi fiye da digiri 200 na Salsiyas, sai ya karkata ga fensir. Ido ba ya rabe su, duk baƙi ne.

Hajiya_Injiniya: Ɗana, ka yi bayanin tauri, amma shi ɓarewa ya tambaya. Wannan matsewar da ke kawo tauri ita ke tara ƙunci a jikin shafen, yana neman miƙewa ƙarfe ya riƙe shi. Da ya yi kauri sai ya ɓalle. Shi ya sa ake fara goge fuskar ƙarfen da iskar argon, a shimfiɗa kuromiyom ko silikon, sannan kabon ya hau. Mai son rage kuɗi nan yake tsallakewa. Kuma in ƙarfen ƙasa ba a ƙarfafa shi ba, zai loɓa, shafen ya tsage.

Bakanike_Suame: Allah ya saka, Hajiya. Na duba inda ya ɓare, ƙarfe ne fes, ba alamar komai a ƙasa. Gobe in sha Allah zan kira direban in canja masa, kuɗin aiki a kaina.