Kare ya ciji ɗana kwana huɗu da suka wuce, allurar kemis ta wadatar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ɗana mai shekara 7 wani kare da ba a san mai shi ba ya cije shi a hannu da ƙwauri ranar Alhamis, har jini ya fita. Karen ya kuma ciji akuyarmu mai shayarwa kafin samarin unguwa su kashe shi su binne. Mun kai yaron kemis, an yi masa allurar tetanus, an ba shi kafso na kwana biyar. Yanzu ciwon ya fara bushewa, yana wasansa lafiya lau. Babansa ya ce tunda ya warke a bar maganar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Akwai sauran abin yi? Nonon akuyar fa, za a iya sha?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Akwai sauran aiki, kuma yau za a yi shi. Allurar tetanus da kafso suna da amfaninsu, amma ba ruwansu da ciwon haukan kare. Ku tafi babban asibiti ku ce a fili allurar rigakafin cizon mahaukacin kare kuke so. Kwana huɗu bai yi latti ba, ko makonni ne suka wuce ana farawa muddin alamu ba su bayyana ba.

Idan ta cikin tsoka ce, allura huɗu ce: ranar farko da ake kira rana ta 0, sai rana ta 3, ta 7, ta ƙarshe kuma tsakanin rana ta 14 da ta 28. Wato in an fara yau Litinin, za a koma Alhamis, sannan Litinin mai zuwa. Wasu asibitocin ta cikin fata suke yi, 0.1 ml a wuri biyu, a rana ta 0, 3 da 7. Duk biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Ki tsaya ki ga inda za a soka: dantse ne, ko cinya ga ɗan ƙasa da shekara 2. Kar ki yarda a yi a ɗuwawu, kitsen wurin yana rage ƙarfinta.

Likitan yara: Bari in yi bayanin dalilin da ya sa bushewar ciwon ba ta nufin komai, don a karanta wa baban yaron. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ake kira bairos ke kawo shi, kuma bairos ba kamar bakteriya ba ne. Bakteriya tana ci, tana hayayyafa da kanta, tana da bango da kayan aikinta, su ne kafso yake rusawa. Shi bairos ba shi da waɗannan. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba, ya sa ta bar aikinta ta koma buga kwafinsa. Kafso ba ya samun abin da zai kama.

Na haukan kare yana da tasa hanyar. Yana shiga da yawun kare, ya ɗan zauna a tsokar wurin cizon, sannan ya kama jijiya. Ba jijiyar jini nake nufi ba, irin wadda ke kai saƙon zafi da motsi. Ta cikinta yake hawa a hankali zuwa laka, daga nan ƙwaƙwalwa, kuma muddin yana ciki garkuwar jiki ba ta cika ganinsa ba. Saboda haka fata za ta haɗe, tabo ya fito, yaro yana ƙwallo, abin kuwa yana kan hanya. Yawanci wata 2 zuwa 3 kafin a ga alama, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska, wuya da yatsu ya fi hatsari, don wuraren cike suke da jijiyoyi, na fuska kuma ga kusanci da ƙwaƙwalwa. Cizon hannun nan shi ya fi damuna.

In ya isa ƙwaƙwalwa sai ya sauko wurin da ake samar da yawu, a daidai lokacin da ya hargitsa dabbar ta koma cizon duk abin da ta gani. Haka yake samun sabon jiki. A mutum, farko zazzaɓi ne da ƙaiƙayi ko tsikari a tsohon tabon. Sai a ga mai ƙishirwa an miƙo masa kofi, maƙogwaro ya shaƙe, ya ture ruwan a firgice. Ko iskar mafici ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. A nan ne da yawa ake cewa iskoki ne, a yi ta hayaƙi, don kowa ya manta da cizon watanni uku baya. Wasu kuma shanyewar jiki ce kawai ke hawa daga inda aka cije su. Da zarar an kai wannan matakin kusan babu mai tashi. Ana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Jinkirin tafiyar tasa shi ne damarmu. Allura tana sa jiki ya haɗa garkuwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya tare shi kafin ya yi nisa. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada hakan a Faransa kan wani yaro da kare ya yayyaga, ya rayu.

Mai harhaɗa magunguna: Ƙari kan bayanin Sista. Tunda haƙori ya huda fata, wannan mataki na uku ne, wato mafi tsanani a rabe-raben cizo, don haka ban da rigakafin akwai allura ta biyu, imunogulobulin. Ita garkuwa ce haɗaɗɗiya da ke riƙe wurin kafin jikin yaron ya samar da tasa. A cikin ciwon da kewayensa ake tsira ta, ko da ya bushe, sau ɗaya tak, kuma ba ta da amfani bayan kwana 7 da allurar farko. Da nauyi ake lissafi: wadda aka samo daga jinin mutum IU 20 (IU ma'aunin ƙarfin maganin ne) a kowane kilo, ta jinin doki IU 40. Yaro mai kilo 22 ke nan ba zai wuce 440 ko 880 ba. Ba a haɗa ta sirinji ɗaya da rigakafin.

Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. In an rasa, kar a zauna jiranta, a fara rigakafin a ci gaba da nema cikin makon. Sannan ku lura da inda za ku saya. Allurar tana son sanyi na digiri 2 zuwa 8, ba ta son ƙanƙarewa. Wadda aka ɗauko a kan kantar shago, ko daga firjin da ya kwana ba wuta, kuɗinku kawai za ta ci.

Malamar jinya: Ga masu karantawa, abin da ya kamata a yi tun minti na farko: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, don minti biyu ma sai a ga kamar an daɗe. Bairos ɗin lulluɓe yake da rigar kitse, sabulu yana narkar da ita kamar yadda yake cire maiƙo a tukunya. Bayan nan a sa ayodin ko sifirit. Ban da barkono, toka ko gashin karen, kuma ba a gaggawar ɗinke irin wannan ciwo.

Likitan dabbobi: Hajiya, sai batun akuya. Da karen gida ne kuma yana raye, da an ɗaure shi kwana 10. In ya wuce su lafiya, babu cutar a yawunsa ranar cizon. Shi ma ba jira ake yi ba, ana fara allura ne ana kallonsa. Da ba a binne ba, da ma'aikatan dabbobi sun cire kan a cikin ƙanƙara an aika gwaji irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Shi ya sa muke roƙon samari su daina farfasa kan. Bayan kwana huɗu a ƙasa da zafin nan, ƙwaƙwalwar ta lalace. Karen da ya ciji yaro da dabba a yini ɗaya ba tare da an tsokane shi ba, mu ɗauka mahaukaci ne.

A ware akuyar, a ɗaure ta inda yara ba sa zuwa, a kai rahoto ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Sa ido yakan kai wata 6. Alamun: canjin kuka, dalalar yawu, kasa haɗiya, tunkuyi ba dalili, ko ƙafafun baya su mutu. Babban kuskuren masu kiwo shi ne su zaci wani abu ne ya maƙale mata, su zura hannu baki. Ta nan ake ɗauka. In ta nuna alama kar a yanka, kar a kai kasuwa a saida wa wani.

Nono kuwa, tafasawa tana kashe bairos ɗin, ɗanye ne ba a so. Mai tatsa ya kiyaye yawunta in yana da rauni a hannu. A kuma tambayi samarin da suka kashe karen: duk wanda ya samu ƙwarzane, ko yawu ya fantsar masa a ido, baki ko wani ciwo, shi ma asibiti. Masu karnuka a unguwar, har 'yan farauta, su kai su allura tun suna wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Babansa ya amince, muna hanya. Amma Alhamis muna da biki a wani gari, in ranar ta kuɓuce sai an sake daga farko?

Likitan yara: A'a, ba a sakewa, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. Sai dai allurai ukun farko su ne ginshiƙi, kar a ɗaga su saboda biki. A yi masa da sassafe kafin ku kama hanya, ko ki karɓi kati mai sunan allurar da ranakun, ki nuna a babban asibitin garin da za ku. Ki sa a auna nauyinsa yau kafin a lissafa imunogulobulin ɗin.