Wa ya taɓa gina gidansu na gaske a cikin The Sims?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu buga The Sims ce, wasan da ake gina gida a ƙirƙiri mutane a tafiyar da rayuwarsu, a kwamfuta ko a salula. Wa ya taɓa gwada gina gidansu na gaske a ciki, da mutanen gidan baki ɗaya? Tun da kamfanin Electronic Arts ya mayar da The Sims 4 kyauta a watan Oktoban 2022 samarin fadarmu suka rungume shi. Ni inda na tsaya cik shi ne, wasan bai yarda a wuce mutum takwas a gida ɗaya ba. Mu kuwa akwai Baba da iyayenmu mata biyu, ga yayyena da matansu da 'ya'yansu. Ɗakin Inna kaɗai ya cinye takwas ɗin. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Magini na Zariya: Wa alaikumus salam. Ta fannin gini ban sha wuya ba, don sana'ata ce. Na ja katanga, na fitar da zaure, na bar tsakar gida ba rufi, ɗakuna suka kewaye ta, madafa da makewayi a can ƙarshe. Ya yi kyau ƙwarai. Matsalar ta fito ranar da baƙo ya zo. Ana ce masa bismilla sai ya ratsa zaure, ya ratsa tsakar gida, ya shige har ƙuryar ɗakin matar gida ya zauna a bakin gado. Wasan bai san amfanin zaure ba, ɗaki ne kawai a wurinsa. Daga baya na gano ana iya kulle ƙofa a ce 'yan gida kaɗai za su bi ta, sai na kulle ta cikin zauren, na zuba kujeru a nan. Cin abinci kuma kowa da farantinsa. Ba a shimfiɗa tabarma a kewaye kwano ɗaya.

Abban Sadiya: Ƙanena Ɗan Bagalam, ni raba gidan na yi a filaye uku maƙwabtan juna. Amma da ka raba, ka raba tukunya ke nan. Kowane gida da asusunsa, mutum ɗaya yana farawa da Simoleon 20,000, kuɗin wasan, kuma takardar kuɗin kuran da ruwa tana zuwa wa kowa daban. In gidan ƙane ya kasa biya, shi kaɗai za a yanke wa wuta, wa yana can gefe bai ma sani ba. Batun mata biyu kuwa babu shi sam, ta biyun cin amana wasan yake ɗaukarta. Aure ma mutum biyu ne ke ƙulla abinsu, ba waliyyi, ba sadaki, ba kayan ɗaki.

Maman Ikram, Ali Ɗan Sofo: Ni da The Sims FreePlay na fara, na salula, wanda ya fito a 2011. Shi da agogon gaske yake tafiya, in ka sa mutum barcin sa'o'i, sa'o'in za ka jira. Daga baya na koma The Sims 4 a kwamfutar maigida. Na ji daɗi da na tarar da hijabi a cikin tufafin, an ce min a 2019 aka ƙara shi, sannan a ƙarshen 2020 aka ƙara launukan fata sama da 100. Na samu kalar da ta yi daidai da ta Gwaggona.

Abin da ya taɓa min zuciya shi ne maganar yara. A wasan nan in uwa ta shagala jariri ya daɗe da yunwa, hukuma ce ke zuwa ta ɗauke shi, shi ke nan ya bar gidan. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce miƙo shi nan, ba kakar da za ta ja zane ta goya shi. Ni da na haihu a gidanmu na yi wankan jego, kwana arba'in hannuna bai taɓa muciya ba, yaron kuma daga wannan baya sai wancan. Matar da na ƙirƙira a wasan ita ce dafuwa, ita ce wanki, ita ce raino, ga aikin ofis, ga ma'aunin barcinta ya yi ja har ta faɗi a tsakiyar ɗaki. Wallahi tausayinta na ji kamar mutum ce. Na kawo mata uwarta cikin gidan, to amma sai ni na riƙa umartar tsohuwar ta ɗauki jikan.

Mushe Lakwal: 'Yata, abin da kika gani yana da tushe. Will Wright, wanda ya tsara wasan, gidansa ya ƙone a gobarar Oakland ta Amurka a 1991, ya sake tara kayan gida daga farko. The Sims na farko ya fito a 2000, kuma zaman Ba'amurke aka gina shi a kai: miji, mata, 'ya'ya, da kayan da albashi ke saye. Shi ya sa gado mai tsada ya fi saurin wartsakar da mutum a ciki. Kirana ga iyaye: a Turai an ware The Sims 4 ga 'yan shekara 12 zuwa sama, kuma akwai soyayya da kwanciya ba aure. Ɗiyata tana bugawa, amma ina zaune kusa, muna tattauna abin da ya dace da mu da wanda bai dace ba.

Auta: Ni mahaifinmu na ƙera, Allah ya jiƙansa, da furfurarsa da hularsa. Da na ga kwanakinsa na wasan suna ƙarewa sai na shiga saiti na tsayar da tsufa. Ban iya kallon rasuwarsa karo na biyu ba.

Maman Ikram: Allah ya gafarta masa, Auta, ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗalibar Ɗan Dikko Ɗankolodo: Amin. Yaya Magini, batun tabarma da kwano yana da magani rabi. The Sims 4 yana karɓar kayan da 'yan wasa suka ƙera da kansu, ana zuba su a jakar da ake kira Mods. Ina koyon Blender, manhajar ƙera siffofin kaya a kwamfuta, ita ma kyauta ce, na riga na gama randa da turmi, yanzu rumbu nake yi. Siffa kawai nake iyawa, sa mutum ya yi daka ko ya zauna a ƙasa ya ci tuwo aikin masu rubuta manhaja ne. Duk mai zaure mai zanen gargajiya, ko tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, ko jeren kwanonin amarya, don Allah ya ɗauko min hoto ta gaba da ta gefe, ya auna tsawo da faɗi ya turo nan.