Abin da aka tattauna kan ɓera a gidan haya a ƙasar waje

1. Kowa ya yarda a fara da toshe kafa. Ramin da fensir zai shiga, ɓera ma zai shiga. A cusa soson ƙarfe a gefen bututun ruwa da bayan murhu, don ɓera yana cinye takarda da tsumma.

2. Tarko a jikin bango, bakinsa na kallon bangon, da ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa. In ta yi yawa, lashewa zai yi ya wuce.

3. A sanar da mai gidan a rubuce.

4. Kashin ɓeran a jiƙa da ruwan bilic, kar a share a bushe.

An rabu kan guba: wasu na sawa, wasu sun ce zai mutu cikin bango ya yi wari. Tarkon gam kuwa, Ingila ta haramta wa jama'a shi tun 2024.