Ta yaya za mu koya wa ɗalibai tantance amsar AI da labaran bogi?

Malama_Adabi:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyarwa a sakandare, kuma tun da ChatGPT (manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, mai amsa tambayoyi) ya fito a ƙarshen 2022 aikin gida ya canza kama gaba ɗaya, yaro zai kawo miki rubutu tsaf babu kuskure ko ɗaya amma ki tambaye shi ina ya samo wannan shekarar ko wannan sunan sai ya ce ai AI ce ta faɗa, shi a wurinsa magana ta ƙare kenan. Ni ba kwafin ne ya fi damuna ba, kwafi tun da can akwai shi, yardar ce ke ban tsoro, don yaran nan su ne dai ke tura duk bidiyon da ya faɗo musu a waya ba tare da sun tsaya sun ce wa ya ɗauka, yaushe, a ina ba. Wasu abokan aikina sun ce a hana kawai. Don Allah wanda ya gwada wata dabara a aji ta yi aiki ya taimaka min.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Malama. Hanawa ba za ta kai mu ko'ina ba, kin hana a aji zai buɗe a gida. Abu na farko su gane yadda abin yake aiki, ba wani rumbun gaskiya yake buɗewa ya ɗauko amsa ba, an ciyar da shi rubutu mai ɗimbin yawa ne sai yake hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya da murya ɗaya zai faɗe ta, babu inda-inda. Abin da nake yi, mu tambaye shi tare a aji a kan darasin da muka riga muka gama, wanda yaran suka sani sosai, sannan mu ce ya kawo littattafan da ya dogara da su, sai in raba su rukuni-rukuni kowa ya je ya nemo ko littafin akwai shi, ko marubucin ya taɓa rubuta hakan. Ranar da yaro ya kama shi da hannunsa yana ƙirƙiro sunan littafi, wallahi ba sai kin ƙara yi masa wa'azi ba. Kuma ina ba su labarin lauyoyin nan na New York a 2023 da suka kai wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro a shari'ar kamfanin jirage na Avianca, alƙali ya ci su tarar dala 5,000, manya ne fa masu digiri.

Mai_Laburare:
Malam ya yi maganar rubutu, bari in taɓa ɓangaren hoto. Don Allah a daina koya wa yara wai su ƙirga yatsu ko su duba kunne, wannan ya yi aiki a da amma manhajojin sun gyaru. Hoton Fafaroma Francis da farar rigar sanyi a Maris 2023 da Midjourney, manhajar AI mai ƙirƙirar hoto, aka yi shi kuma mutane da yawa suka hau kai, a Mayu na shekarar aka yaɗa na fashewa kusa da Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, har kasuwar hannun jari ta Amurka ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. Ido kaɗai ba zai cece ki ba. Sam Wineburg da abokan aikinsa a jami'ar Stanford sun lura cewa ƙwararrun masu tantance labari ba sa zama suna ƙura wa shafin ido, nan take suke fita su buɗe wasu shafukan su ga me wasu ke cewa game da wannan majiyar, ɗalibai kuwa sai su tsaya suna kallon kyan shafin da tambarinsa. To wannan fitar ita za a koya musu, da saka hoto a manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara bayyana. Sau da yawa ma ba AI ba ce, tsohon hoto ne na gaske aka canza masa labari.

Dalibi_400L:
Malamaina ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na ɗalibi. Akwai malaman da ke saka aikinmu a manhajar gano AI, duk abin da ta ce shikenan an yanke hukunci, alhali OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansu sun janye tasu a Yuli 2023 saboda ba ta cika dacewa ba. In malami ya yarda da na'ura ido rufe ta yaya zai ce ni kar in yarda? Sannan wani abu da nake gani a wurin abokaina, yanzu komai aka nuna musu sai su ce AI ne, har abin da ya faru da gaske, musamman in bai musu daɗi ba. Wannan ma ai matsala ce babba.

Malama_Adabi:
Ɗana ka faɗi gaskiya, wannan na biyun ina ganinsa a aji sosai, shakkar da ba bincike a bayanta lalaci ne kawai. Zan sa a cikin hotunan da zan kawo musu a samu na gaske masu kama da ƙarya, kuma maki ba a kan "gaskiya ne" ko "ƙarya ne" zai tsaya ba, sai ka nuna min hanyar da ka bi. Malam_Tarihi saura tambaya ɗaya, UNESCO a jagorarta ta 2023 ta ba da shawarar shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da waɗannan manhajoji a aji, ni kuma ina da 'yan aji ɗaya da ba su kai ba, su ya kake yi da su?

Malam_Tarihi:
Su ba na ba su a hannu Malama. Ni nake tambaya in buga amsar a takarda in raba musu, su ɗauko littafin darasi su ja layi a ƙarƙashin duk inda suka saɓa, sai mu tattauna wanne ne daidai kuma ta ina muka sani.