Don Allah wane VPN ne mai sauƙin saiti a kwamfutar tebur?

Ummu_Yara:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman taimako a kan maganar VPN. Ina da kwamfutar tebur mai Windows 11 da nake aiki da ita daga gida, to Wi-Fi ɗin da nake hawa ba nawa ba ne ni kaɗai, mu da maƙwabta muke haɗawa, kuma rautar tana ɗakin mutum ɗaya ne, shi ke saita ta shi ke canza mata kalmar sirri. Kwanaki muna hira sai yake ce min wai in ya ga dama zai iya ganin duk shafin da kowa ya shiga, bai faɗa da mugun nufi ba kam amma wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba, don ta nan nake shiga banki, ta nan nake binciken abubuwan da suka shafi lafiyata waɗanda ko ƴan gidanmu ban so su sani ba balle maƙwabci.

Wata ƙawata ta ce in sa VPN. Na bincika a Google sai ga su birjik kowa na cewa shi ne na ɗaya, na shiga Settings na ga akwai wurin VPN amma yana ta tambaya ta sunan saba da wasu abubuwa da ban san inda zan samo su ba, sai na fita kar in ɓata wani abu. Ni dai wanda zan danna sau ɗaya ya kunnu nake so. Wanne zan sa? Na kyauta zai wadatar? Kuma in na sa shi kenan ba wanda zai ga me nake yi?

Mai_Gyara:

Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki kwantar da hankalinki, abin da mutumin nan yake iya gani bai kai yadda kike tsoro ba. Yawancin shafuka yanzu adireshinsu da https yake farawa, musamman na banki, wato abin da ke tsakaninki da shafin a kulle yake tafiya, ba zai ga kalmar sirrinki ba ba zai ga nawa ne a asusunki ba. Abin da yake iya gani shi ne sunan shafin, da lokacin da kika shiga, da yawan datar da kika ja. Amma fa sunan shafin ma kaɗai ya isa ya tona asiri, in mutum ya ga kullum kina shiga shafin da ke magana a kan cuta kaza ai ya gane, saboda haka damuwarki tana kan hanya kuma wannan ne daidai aikin da VPN yake yi da kyau, yana kulle duk datarki ya bi da ita ta sabar kamfaninsa, wato wata kwamfutarsu da ke can nesa, sai mai rautar ya kasa ganin shafin da kika nufa.

Wancan wurin na cikin Settings ki rabu da shi, an yi shi ne don masu haɗawa da sabar ofis, su ake ba adireshi su rubuta da hannu. Ke manhaja za ki sauke kamar yadda kike sauke kowace.

Guda biyu ne nake sa wa mutane. In kyauta kike so, Proton VPN, kamfanin yana Suwizalan, tsarinsu na kyauta ba shi da iyakar data, sai dai na'ura ɗaya kawai yake ɗauka kuma shi zai zaɓar miki ƙasar da za ki fita, kuma sai kin buɗe akawun da imel. In za ki iya biya duk wata, Mullvad, na ƙasar Suwidin, shi ko imel ba ya tambaya, da kin danna zai ba ki lamba mai alƙaluma 16, ita ce akawun ɗinki gaba ɗaya, ki rubuta ta a takarda ki adana don in ta ɓace ba sunanki a wurinsu da za su nemo miki da shi cikin sauƙi. Lamba ɗaya tana ɗaukar na'ura 5, har wayarki za ki iya sa wa.

Saitin kuwa bai wuce minti goma ba. Ki rubuta adireshin shafinsu da hannunki, protonvpn.com ko mullvad.net, kar ki danna waɗancan na saman Google masu alamar talla don ɓarayi suna sayen wurin su sa shafin bogi mai kama da na gaske. Ki sauke na Windows, ki buɗe fayil ɗin, kwamfutar za ta tambaye ki ko kin yarda ya yi canji ki ce eh, dole ne don yana dasa wani katin netwok na cikin manhaja wanda duk datarki za ta riƙa bi ta cikinsa. Ki shiga da akawun ɗinki ki danna Connect, shi kenan ya kunnu.

Abu biyu ne nake roƙon ki kar ki tsallake. Na farko Kill Switch, aikinsa in VPN ɗin ya katse ko na daƙiƙa biyu ne ya tsayar da intanet ɗin gaba ɗaya har sai ya dawo, in babu shi kwamfutar za ta koma tsohuwar hanya shiru ba ki sani ba. A Proton sai kin shiga saiti kin kunna, a Mullvad a kunne yake zuwa. Na biyu ki sa ya riƙa tashi da kansa yana haɗawa da zarar kin kunna kwamfuta, don mantuwa ce ta fi kayar da mutane. Bayan nan ki gwada, ki shiga ipleak.net kafin ki kunna ki ga lambar IP, wato adireshin layinku a intanet, da sunan kamfanin da ke ba ku intanet, ki kunna ki sake shiga, in har yanzu sunan kamfanin naku yana fitowa a wurin da aka rubuta DNS to akwai yoyo, wato wani abu yana bi ta wajen VPN ɗin, ki dawo mu duba.

Ɗan_Burauza:

Yaya duk wannan dogon zance ne fa. Ki sauke burauzar Opera kawai akwai VPN a cikinta kyauta, ko ki sa ekstenshan na VPN, wato ɗan ƙarin da ake liƙa wa burauza, a Chrome, danna ɗaya ne ba akawun ba komai. Ni shi nake amfani da shi kuma ban taɓa samun matsala ba.

Dattijo_77:

Ɗana Ɗan_Burauza, ba a ce naka bai aiki ba, amma iyakarsa cikin burauzar. Duk wata manhaja da ke kan kwamfutar, ta imel ce ko ta hira ko ta aiki, ta tsohuwar hanya take bi maƙwabcin yana kallo. Ita kuma kwamfutar gaba ɗaya take son rufewa. Su kuwa ekstenshan ɗin nan na kyauta da ba a san mai su ba ni ba zan ba ƴata shawarar ta sa ba ko kaɗan.

Ƴata, ga amsar tambayarki ta uku wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. VPN ba ya sa ki ɓace, abin da yake yi shi ne ya ɗauke idon maƙwabcinki da na kamfanin intanet ya miƙa wa kamfanin VPN ɗin, duk sunan shafin da wancan yake gani yanzu su ne a matsayin gani. To in kika ɗauke daga hannun wanda kika sani kika ba wanda ba ki san ko waye ba ai an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa zaɓen kamfanin ya fi saitin wahala.

Kuma ba zato nake ba, an gani. Facebook yana da wani VPN na kyauta mai suna Onavo wanda da shi yake leƙen irin manhajojin da mutane ke amfani da su a wayoyinsu, a 2018 aka cire shi daga shagon Apple, a 2019 aka rufe shi. A 2015 aka gano wata manhajar VPN mai suna Hola tana sayar da layin intanet na masu amfani da ita kyauta, wato wani can da ba ki sani ba yana fita ta lambar IP ɗinki yana abin da ya ga dama. A 2016 masu bincike sun duba manhajojin VPN 283 na Android suka samu kashi 18 cikin ɗari ko kulle datar ma ba sa yi. Riƙe saba kuɗi yake ci, banza ba ta kai zomo kasuwa, in ba ki biya ba ki tambayi kanki wa ke biya. Na Proton ya bambanta ne don masu biya su ke ɗauke da nauyin na kyautan kuma sun faɗi haka a fili.

Masu karɓar kuɗin ma ba duka ba ne. Kowa yana rubuta cewa ba ya ajiye tarihin abin da kika yi, amma a 2017 takardun kotu a Amurka sun nuna PureVPN ya ba hukumar bincike ta FBI bayanan lambobin IP na wani mai amfani da shi alhali yana tallar ba ya ajiyewa. Ba ina kare mai laifi ba ne, ina nuna miki cewa rubutun talla ba hujja ba ne. Abin da ya sa na yarda da biyun da Mai_Gyara ya kawo shi ne manhajarsu a buɗe take kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, kuma suna kiran masu bincike daga waje su duba. Mullvad ma an gwada su a aikace, a watan Afrilu 2023 ƴan sandan Suwidin sun je ofishinsu a Gothenburg da takardar bincike suka fita ba su ɗauki komai ba don bayanan da suka je nema babu su.

Waɗancan shafukan masu jera miki "goma mafi kyau" kuma ki yi hattara, yawancinsu ana ba su lada ne a kan duk wanda ya saya ta hannunsu. Kamfanin Kape da ya mallaki ExpressVPN da CyberGhost da Private Internet Access shi ne kuma a 2021 ya sayi shafin vpnMentor mai yi wa VPN alƙalanci.

Sannan in kin shiga Gmail ko Facebook da sunanki sun san ke ce ko ta wace ƙasa kika ɓullo, abin da kika rubuta a Google kina cikin akawun ɗinki yana nan a tarihinki. Ba ya hana bairos, ba ya hana ki faɗa hannun mai turo saƙon yaudara. Maƙwabcin naki ma zai ga kina kan VPN, inda kika nufa daga nan ne ba zai gani ba.

Ɗan_Burauza:

Gaskiya Baba ban san maganar Hola ɗin nan ba, na gode. Bari in je in duba ekstenshan ɗin da ke kan tawa ma tukuna.

Ummu_Yara:

Allah ya saka muku da alheri, Malam Mai_Gyara da Baba. Mullvad na sa don ban so in ba da imel, na yi gwajin kuma sunan kamfanin intanet ɗinmu ya ɓace gaba ɗaya, wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Sai dai matsala biyu, firintata da ke kan Wi-Fi ta daina amsawa tunda na kunna, in na kashe VPN sai ta dawo, sannan da na shiga banki sai da suka turo min lamba a waya suka ce sun ga shiga daga wani wuri daban, na tsorata kar su rufe min asusu. Kuma kamar ya ɗan rage gudu.

Mai_Gyara:

Madalla Hajiya. Na banki ba abin tsoro ba ne, sun ga kamar kin yi tafiya ne a dare ɗaya shi ya sa suka tabbatar. Ki shiga jerin ƙasashen ki zaɓi sabar ƙasarku in akwai, in babu ki ɗauki mafi kusa ki tsaya a kanta kullum, kar yau kina Jamus gobe kina Japan, wannan tsalle-tsallen ne ke sa banki ya toshe. In sun ƙi sam to ki kashe ki gama da bankin ki sake kunnawa, tunda na banki dama a kulle yake, sunan bankin kawai za a gani. Kusancin sabar shi zai gyara miki gudun ma, don nisan da data ke zagayawa ne ke jawo jinkirin, shi kansa tsarin da manhajar ke tafiya a kai, WireGuard, ba shi da nauyi. Wasu shafukan kuma za su riƙa sa ki zaɓi hoton mota ko fitilar hanya don mutane da yawa ne ke fita ta IP ɗaya da ke, sai haƙuri.

Firinta kuwa manhajar ce ta toshe duk na'urorin da ke cikin gida da gangan. A saitin VPN akwai Local network sharing, in kin kunna za ta dawo aiki nan take.

Dattijo_77:

A nan zan ɗan saɓa maka Malam. Da Wi-Fi ɗin nata ne ita kaɗai da na ce ta kunna, amma netwok ɗin nan har da na'urorin maƙwabta a kai, in ta buɗe wannan ƙofar kwamfutarta da nasu suna iya ganin juna, kuma ita firintar da ke kan Wi-Fi ɗin kowa na iya tura mata aiki. Kwamfutar tebur ce ba yawo take ba, ƴata ki nemo kebul na USB ki haɗa firintar kai tsaye ki cire ta daga Wi-Fi, ki bar wancan saitin a kashe. Sannan ki shiga Network & internet a cikin Settings ki duba bayanin Wi-Fi ɗin ki tabbatar yana kan Public network, shi ke sa Windows ta ɓoye kwamfutar daga sauran.

Mai_Gyara:

Haka ne Baba, na manta haɗaka suke yi. Hajiya ki bi ta Baba.

Ummu_Yara:

Na samu kebul ɗin a cikin kwalin firintar, na haɗa ta buga lafiya kuma VPN yana kunne. Da na duba a kan Private yake na mayar da shi Public. Yanzu saura waya, ita ma wannan lambar mai 16 zan sa mata ko?

Mai_Gyara:

Ita dai, ki sauke manhajar daga Play Store ko App Store ki tabbatar sunan kamfanin ne a ƙasanta kafin ki danna.