Wa Ya Ba Yaro Wuƙa? Musayar Waƙa Kan Daba

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum. Abin da na gani a filin makaranta ya hana ni sukuni, shi ne na sa shi a waƙa. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah Rabbana zan fara,
Shi ne Gwani mai ba bayi basira.

Salati ga Annabi, alaye da sahabbai,
Waɗanda suka nuna mana hanyar nasara.

An fita tara, 'yan aji huɗu sun taru,
Ɗaya ya zaro rula yana koyon sara.

Ya shaƙo wuyan abokinsa ta baya,
Ya goga a maƙoshi, aka sa ihu da ƙara.

Na ce masa, kai, a ina ka ga wannan?
Ya ce, a wayar Yaya, muna cikin hira.

Ba fim ba ne ma, yanka ne na gaske,
Wani ya ɗauka a daji ya tura.

Ko izu biyu bai kai ba a allo,
Ya san jijiyar da ake nema a sara.

Tun 2001 Kano ke da hukumar tace fim,
To wa zai tace abin da waya ta tara?

Fim ɗin harbi, gem ɗin harbi, bidiyon gawa,
Ido ya saba da jini, yaro ya gagara.

Ni dai na ce waya ce ke rainon daba,
Wanda ya ga ba haka ba, ga fili, ya gyara.

Tela:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan bi amsa-amonka. Na yi zaman daba kafin in zauna kan keke, don haka bari in ce wani abu.

Malam, na ji, kuma ban ƙi taka ba,
Sai dai akwai sauran zance a tattara.

Daba ta girmi waya a birnin Kano,
Tun ana fita farauta da karnuka da gora.

Tun 'yan tauri na wasa da wuƙa a dandali,
Babu data a lokacin, amma ana sara.

Sara-suka a Bauchi da Jos, kalare a Gombe,
Bi tushensu, ba a cikin waya suka fara.

Dukan da na fara gani ba a fim ba ne,
Tsakar gidanmu ne, a gabanmu mu yara.

Baba ya dawo, cefane bai samu ba,
Inna ta tambaya, sai mari da kora.

Ina bayan randa na toshe kunnena,
Ƙanwata ta riƙe rigata tana ƙara.

Da safe aka miƙa wa Inna takarda,
Zaninta na kan igiya, aka hana ta jira.

Matar uba ta ce ɗakin ya yi kaɗan,
Na koma soro, ni da sauro da ƙura.

Wa ya tambaye ni ko na ci? 'Yan kango.
Su suka miƙo min gurasa da fura.

Su suka ce min "namu", suka sa min laƙabi,
Wanda duk ya taɓa ni, su za su zabura.

Ranar da suka miƙo wuƙa na karɓa,
Don ban da su ba ni da wanda zan kira.

Fim ya koya mana tafiya da ɗaurin kai,
Da yadda ake juya wuƙa don gadara.

Amma fushin da ke tura ta cikin mutum,
Daga gida na ɗauko shi, can na tara.

Yaronka mai rula, Malam, bi shi gida,
Ka ga wa ke kwana da shi, wa ke lura.

Innar Yara:

Tela, ɗana, ka sa ni hawaye. Ni zan sauya amsa-amo, don abin da ke bakina na mata ne.

In an kama yaro da makami,
Kowa sai ya zama malami,
Daga mai shago har limami,
"Uwarsa ce!" Laifin na mata.

Ni ke wankau, ni ke dafuwa,
In soya awara a kai kasuwa,
Dare ya raba ina ƙirgawa,
Ko ya isa kuɗin makaranta.

Uban na majalisa tun magariba,
Shayi da ƙwallo da zancen riba,
Ina ɗansa ya kwana? Bai duba ba,
In ya shigo gidan ya kama wuta.

Ban ce duk maza haka suke ba,
Akwai uban da bai taɓa gajiya ba,
Mai bin ɗansa har bakin daba,
Ya jawo shi gida, wannan ya kyauta.

Waya kuwa, Malam, mukan miƙa,
Don yaro ya bar mu mu kai niƙa,
Ashe a cikinta akwai wuƙa,
Wa ya koya mana mu bincika ta?

Duk sakin da aka yi cikin fushi,
Yara ne ke biyan bashi,
Ɗan da ya tashi ba mai jin shi,
Titi ne zai ba shi gata.

Malamin Firamare:

Hajiya, Tela, na bi yaron gida bayan la'asar.

Na tarar kakarsa ce ke riƙonsa,
Ga ciwon ido, ga talla, ga yara.

Uban yana Legas, uwar ta yi wani aure,
Wayar yayansa ce abokiyar hira.

Tela, maganarka tana kan hanya,
Amma batun waya ina nan, ina ƙara.

Mai watsa bidiyon gawa a cikin guruf,
Ya sani yaro na bayansa yana lura.

Wannan bai buƙatar kasafin gwamnati,
Ka goge kawai, kada yatsa ya tura.

Ɗalibar Jami'a:

Baba Malam, Inna, a gafarce ni na sa baki gaban manya. Ilimin halayyar ɗan'adam nake karantawa, ga abin da aka koya mana.

A 1961, a jami'ar Stanford ta Amurka,
Albert Bandura ya yi gwajin da ba a manta ba.

Ya sa yara kallon babba yana jibgar 'yartsana,
Da naushi da guduma, bai sassauta ba.

Da aka bar su da ita a ɗaki,
Da yawa suka kwaikwaye shi, ba su rage ba.

A 1963 aka nuna musu dukan a fim,
Aka sake gani, kwaikwayon bai ragu ba.

Wannan naka ne, Baba Malam, riƙe shi,
Ido na koyo, ba ƙarya ka yi ba.

Sai dai 'yartsana ce, roba da iska,
Dukanta bai kai sukar ɗan'adam ba.

A 2020 ƙungiyar masana halayya ta Amurka
Ta sake zama kan gem ɗin faɗa ta duba.

Ta ce yana ɗan ƙara tsawa da ture-ture,
Hujjar danganta shi da zub da jini ba ta isa ba.

Ga Japan da Koriya ta Kudu, gidan gem ne,
Amma kisan kai a can bai yi yawa ba.

Yaran unguwa duk fim ɗaya suke kallo,
Me ya sa ba dukansu ke shiga daba ba?

Wanda ake duka a gida, ko aka watsar,
Shi ya fi shiga haɗari, Yaya Tela bai kauce ba.

Ma'aikacin Jinya:

Ni a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki. Akwai kalmar da na san za a jefo nan, gara in riga ta.

In an yi kisa sai ka ji, "Mahaukaci ne!"
'Yan uwa, maganar nan ba ta da gaskiya.

Mafi yawan waɗanda ke kwance a ɗakinmu
Ba su taɓa cutar kowa ba ko sau ɗaya.

Su ake jifa a titi, su ake ɗaurewa,
Su yara ke bi da waƙa da dariya.

Haɗarin yana inda ciwo ya gamu da maye,
Ga rashin barci, ga fushi, ga ƙwaya.

Yaro ya ga an kashe ubansa a ƙauye,
Ya taso birni abin na cin zuciya.

Dare ya yi, ya rufe ido, ya ga ranar,
Ya zabura jiƙe da gumi, ba mai tambaya.

Aboki ya ce, ga tiramol, za ka manta,
Ya sha, ya manta, zuwa safiya.

Gobe biyu, jibi huɗu, sai sholisho,
Kuɗinsu kuwa sai an ƙwaci waya.

Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwaya da laifuka, na 2018 ya ƙirga
Miliyan 14.3 masu shan kayan maye a Najeriya.

A shekarar aka hana maganin tari mai kodin,
Kwalba ta yi wuya, masu sha suka sake hanya.

Mu kuma a gida me muke yi wa mai ciwon?
Mu ce iska ce, mu kulle shi don kunya.

Ban hana addu'a ba, ni ma ina yin ta,
A yi ruƙiyya, a ga likita, a yi jinya.

Ku tuna gidan marin Rigasa a Kaduna,
Satumbar 2019, labarin ya zaga duniya.

Sama da mutum 300 aka fitar, har da yara,
Sarƙa a ƙafa, tabon bulala a baya.

Da yawa iyaye suka kai su don gyaran hali,
Yaushe sarƙa ta taɓa zama tarbiyya?

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa,
Ta kori ta 1958, ta ba majinyaci kariya.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna,
Ga na Kware a Sakkwato, can ake neman lafiya.

Likitocin sun yi kaɗan, ban ɓoye muku ba,
Layi da tsawo, amma ya fi zaman ɓuya.

Direban Adaidaita:

Duk na karanta. Ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake.

Kun yi ta neman dalili, kun yi nazari,
Ni ƙanena na kai makabarta da wuri.

Yana dawowa daga islamiyya da magariba,
Suka tare shi a lungu, suka zagaye da sauri.

Waya ce tsohuwa, gilashinta a fashe,
Ya miƙa musu, duk da haka suka kai hari.

Mu ma marayu ne, mu ma mun sha duka,
Amma muka kama sana'a, muka yi haƙuri.

Kuma kun bar mutum guda a lissafinku,
Mai babbar riga, mai raba kuɗi a sirri.

Lokacin zaɓe ya sai musu ƙwaya da adda,
'Yan jagaliya a bayan mota ana kirari.

In an kama su da safe, waya ɗaya zai buga,
Kafin la'asar sun dawo suna mana kuri.

Ɗansa na karatu a waje, namu na kango,
A hukunta mai sara, a haɗa da mai ba shi jari.

Tela:

Allah ya jiƙan ƙanenka, Yaya, ya sa ya huta.

Ban ba da labarina don a wanke kowa ba,
Mai kisa ya tsaya gaban alƙali, ba uzuri.

Na faɗa ne don na bayansa, ƙaramin nan
Da ke kwana a soro yau, a tare shi tun fari.

Ni wani tela ne ya kira ni ina wucewa,
Ya ce, zo riƙe min almakashi, ya ba ni wuri.

Bai yi min wa'azi ba sai da na ƙoshi,
Guga na fara yi, sannu har na yi ƙwari.

Akwai benci a shagona in an tashi makaranta,
Malam, gaya wa kakar yaron, in ta ga da alheri.

Innar Yara:

Malam mai jinya, tambaya gare ka kan ɗan maƙwabciyata. Saurayi ne, bara ya gama sakandare.

Ya daina ci, ya daina wanka,
Ya kulle kansa cikin ɗaka,
Jiya ya ce ƙanensa zai yanka,
Uwar ta rasa inda za ta.

Uban ya ce a kai shi mari,
Kawu ya ce aljani ya yi hari,
Ita tana tsoron bakin gari,
Me zan faɗa in na same ta?

Ma'aikacin Jinya:

Inna, ki ce mata yau ta kwashe wuƙaƙe,
Da adda da reza, ta kai maƙwabta ajiya.

Ƙanen ya kwana a ɗakinki tukuna,
Shi kuma kada a tara masa dangi da hayaniya.

Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya zauna,
Ya lallaɓa shi a hankali, ba zagi, ba tsiya.

Yana jin muryoyi? Yana shan wani abu?
Yana tunanin kashe kansa? A tambaya, ba kunya.

Gobe da sassafe a kai shi asibiti,
Da duk abin da aka tsinta, kwalba ko ƙwaya.

In ya tashi da makami kafin gari ya waye,
Kada a jira, a kira taimako, a kama hanya.

Uban kuwa, a samu dattijon da yake jin nauyi,
Ya hana shi batun mari kafin safiya.