Bayanin fitar da manhajarmu ya hargitse, ƙ ta koma Æ™: ta ina za mu fara gyara?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu huɗu ne a nan Katsina muke kula da wata 'yar ƙaramar manhaja ta buɗaɗɗen tushe da muka rubuta da harshen shirya manhaja na Python, wadda aikinta shi ne mayar da lambobi zuwa kalmomin Hausa, domin masu buga rasit su riƙa samun adadin naira a rubuce ba tare da sun zauna suna rubutawa da hannu ba. Ranar Asabar da ta wuce muka fitar da siga ta 1.2.0, kuma a karon farko muka rubuta bayanin fitarwar da Hausa da Turanci a cikin CHANGELOG.md, sannan muka sa setup.py, fayil ɗin da yake haɗa manhajar, ya karanta shi tare da README.md domin su fito a shafinmu na PyPI, rumbun da ake ɗora manhajojin Python.

A GitHub, shafin da muke ajiye tushen manhajar, komai ya fito tsaf. A PyPI kuwa abin kunya ne: duk inda ƙ take ta koma Æ™, kalmar ɗari ta koma É—ari, kanun bayanai sun fito da alamar # a gabansu, jadawalin da muka tsara ya zama tarin sanduna. Gaskiya ɗaya ce, da farko ma PyPI bai karɓi kayan da muka ɗora ba, saƙon ya ce bayanin ya kasa fitowa a tsarin reStructuredText, sai ɗayanmu ya rubuta `text/plain` a wurin nau'in bayanin, kayan suka wuce, muka tafi barci. A shafin jagorar da muke ginawa da MkDocs, manhajar gina shafukan jagora, kuma wata matsalar ce daban: matakan girka manhajar, waɗanda biyar ne, kowanne ya fito da lamba 1, kuma ƙananan jeri da muka saka ƙarƙashin manya sun miƙe sun zama ɗaya da su.

Tambayata kashi biyu ce. Mene ne ya jawo wannan, tunda fayil ɗaya ne? Sannan abokin aikina yana ganin mu haƙura da haruffa masu ƙugiya, mu riƙa rubuta k da d da b kawai a irin waɗannan takardu, mu huta. Ni zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma ba ni da hujjar da zan ba shi.

Malamin Kusugu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Daga Daura nake rubuto maka. Abu na farko, kada kowa a cikinku ya buɗe fayil ɗin ya fara gyara haruffa ɗaya bayan ɗaya, domin fayil ɗinku lafiyarsa lau, shi ya sa GitHub ya nuna shi daidai. Ɓarnar ta faru ne a lokacin karantawa.

A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, haruffan Turanci na yau da kullum bayit ɗaya, wato ma'aunin ajiyar kwamfuta, kowannensu yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu suke ci. Ita ƙ ana ajiye ta a matsayin C6 da 99. Idan aka karanta waɗannan bayit biyu da tsohon tsarin Windows-1252, wanda yake ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™, ka ga abin da ka gani ke nan. Haka ɗ, wadda C9 da 97 ce, take komawa É da dogon karan ɗori. Don haka ina da yaƙinin cewa a kan Windows kuka haɗa kayan, kuma a setup.py kun kira `open` ba tare da kun faɗi tsarin haruffan ba, shi kuwa Python a irin wannan hali yakan bi tsarin da kwamfutar take kai. Ku ƙara `encoding="utf-8"` a wurin, wannan kashin ya ƙare. Wani abin lura, da a ce babbar Ɓ ta shiga rubutunku, da kun gane tun a daren, domin bayit ɗinta na biyu 81 ne, ba shi da harafi a Windows-1252, kuma Python zai tsaya cak ya yi ƙorafi. Sauran haruffa masu ƙugiyar ne suke wucewa shiru su ɓata rubutu.

Batun # da sanduna kuwa, ku kuka umarci PyPI ya nuna su haka. Idan ba a faɗi nau'in bayanin ba, ana ɗaukarsa a matsayin reStructuredText, wanda shi ne tsohon tsarin da duniyar Python ta saba da shi, kuma tun 2018 aka buɗe ƙofar amfani da Markdown, tsarin da fayilolinku na .md suke kai, da sharaɗin a ambace shi. Ƙin karɓar da aka yi muku gargaɗi ne mai amfani, sai kuka toshe bakin mai gargaɗin. Abin da ya kamata a rubuta shi ne `text/markdown`.

Sai dai ka sani, PyPI ba ya yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka taɓa amfani da shi, ko da an goge na farkon. Siga ta 1.2.0 ta tafi ke nan. Ƙa'idar Python ta lambobin siga, PEP 440, ta tanadi mafita ga irin wannan hali, wato inda kuskuren bai taɓa ita manhajar ba sai bayaninta: a fitar da 1.2.0.post1. Kafin ku ɗora, ku gudanar da `twine check` a kan abin da kuka haɗa, sannan ku fara ɗorawa a TestPyPI, rumbun gwaji na PyPI, ku duba shafin da idonku, domin `twine check` zai gaya muku ko bayanin zai fito, amma ba zai san cewa Æ™ ba Hausa ba ce.

Game da shawarar abokin aikinka, ka ce masa ya dubi kanun farko na bayanin fitarwarku. Idan an cire ƙugiya, “An ƙara” ya koma “An kara”, mai karatu sai ya tambaya wa ya kara da wa. Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Manhajar da take buga ɗari da ɗaya a kan rasit ɗin mutane ba ta da uzurin rubuta dari a takardarta, musamman da yake gyaran bai wuce kalmomi biyu a layi ɗaya ba.

'Yar Gobarau ta amsa:

Malam ya gama da batun haruffa, Allah ya ƙara sani. Ni zan tsaya a kan matsalar MkDocs, domin na sha wahalarta kafin in fahimci inda gizo yake saƙa.

Ɗan'uwa, ka ce fayil ɗaya ne, kuma haka ne, amma masu karanta shi uku ne, kuma kowanne da karin harshensa. John Gruber ya fitar da Markdown a 2004 ba tare da cikakkiyar ƙa'ida ba, sai kowane mai rubuta manhajar fassara shi ya cike giɓin da nasa ra'ayin. A 2014 aka fito da CommonMark domin a daidaita al'amarin, kuma a 2017 GitHub ya kafa nasa tsarin a kansa, ya ƙara abubuwa irin su jadawali. MkDocs kuwa da Python-Markdown yake aiki, wanda ya fi bin tsohon salon Gruber. To, daga nan matsalolinka biyu suka fito.

Na tabbata a tsakanin matakanku biyar kun saka umarnin da mutum zai buga, kuma kun fara shi daga farkon layi ba tare da tazara ba. Wannan yana yanke jerin a duka wuraren biyu. Bambancin shi ne GitHub yana mutunta lambar da ka rubuta a farkon sabon jeri, idan ka rubuta 3 zai fara daga 3, sai abin ya yi kama da jeri ɗaya alhali gutsattsari biyar ne. Python-Markdown ba ya duba lambar, daga 1 yake farawa kullum, sai idan an kunna masa `sane_lists`. Kana iya kunna wannan ka rufe ido, amma gyaran gaskiya shi ne ka tura kowane umarni ciki da tazara huɗu domin ya zama ɗan gidan matakin da yake sama da shi. Ka kuma lura cewa akwatin umarni mai shinge (wanda ake killacewa da ``` sama da ƙasa) na Python-Markdown ba ya aiki a cikin jeri, don haka sai ka girka pymdown-extensions ka kunna `pymdownx.superfences`.

Ƙananan jerin ma maganarsu ke nan. GitHub yana karɓar tazara biyu a ƙarƙashin karan jeri, Python-Markdown yana neman huɗu, kuma yana son a bar layi guda babu komai kafin jeri ya fara. Idan ka saba da huɗu da layin da babu komai, duka ukun za su karanta maka daidai.

Akwai wasu abubuwa biyu da ban ga ka ambata ba amma ina roƙonka ka duba. Idan kun rubuta sunan fayil irin `__init__.py` ba tare da kun killace shi da alamar ` gaba da baya ba, Markdown zai cinye layukan ƙasan ya mayar da init baƙin rubutu mai kauri, kuma wannan har a GitHub yake faruwa, ido ne kawai ba ya kamawa. Na biyu, idan wani a cikinku ya fara rubuta bayanin a manhajar buga wasiƙu kafin ya kwafo, to ku bincika umarni irin `--upgrade`, domin waɗannan manhajoji sukan haɗe karan biyu su zama dogo ɗaya, kuma sukan juya alamar farkon 'yan da 'ya'ya ta koma alamar buɗe zance. Ta biyun muni ce kawai. Ta farkon kuwa mutum zai kwafa ya buga, umarni ya ƙi aiki, ya ɗauka manhajarku ce ta lalace.

Na Ƙofar Marusa ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, ban saɓa maka a kan ganewar ciwon ba, amma ina da ja a kan maganin. Ƙara `encoding` a setup.py faci ne, kuma gobe wani sabon ɗan ƙungiya zai ƙara layin karanta wani fayil ya manta. Su koma pyproject.toml, sabon fayil ɗin tsara haɗa manhaja, su rubuta `readme = "README.md"`. Bisa ƙa'idar PEP 621, ana karanta fayil ɗin a matsayin UTF-8, kuma daga ƙarshen sunansa ake gane cewa Markdown ne, ka ga an rufe ƙofofin kuskure biyu a lokaci ɗaya.

Wannan yana nufin CHANGELOG ba zai shiga shafin PyPI ba, kuma a ganina hakan ya fi. Bayanin da aka ɗora tare da siga ba ya gyaruwa, shi kuwa bayanin fitarwa shi ne takardar da aka fi komawa a gyara, don a GitHub kana iya gyara shi ko bayan shekara. A saka mahaɗa zuwa gare shi kawai, cikakkiya mai farawa da https, domin gajerun mahaɗai da hotuna masu nuni zuwa cikin rumbun GitHub ba sa aiki a PyPI. Kuma idan har za su taɓa yadda ake haɗa kayan, ni 1.2.1 zan kira sigar, ba post1 ba, tunda an wuce gyaran rubutu zalla.

Malamin Kusugu ya sake amsawa:

Maganarka ta fi tawa, ɗana, na karɓa. Na ba su abin da zai fitar da su kunya a yau ne, kai ka ba su na dindindin. A kan lambar siga ma ba ni da ja idan sun sauya tsarin haɗawa. Abu ɗaya zan ƙara tunda ana gyaran fayil ɗin: su rubuta kwanan wata da shekara a gaba, kamar 2024-03-04, yadda tsarin Keep a Changelog ya ba da shawara bisa ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ISO 8601, domin 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa huɗu ga Maris.

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya dawo:

Na gode, Malam, na gode Yaya da ɗan'uwa na Ƙofar Marusa. Duk yadda kuka faɗa haka muka tarar. A kan Windows aka haɗa kayan, `open` ba shi da `encoding`, kuma umarni biyar ɗin duk daga farkon layi suka fara. Mun koma pyproject.toml, mun tura jerin ciki da tazara huɗu, mun kunna superfences, kuma Yaya ta yi gaskiya, mun sami `--upgrade` ɗaya da dogon kara a sashen Hausa, wanda ni da kaina na kwafo daga wata takarda. Jiya da daddare muka ɗora 1.2.1 a TestPyPI, muka karanta shafin layi-layi mu biyu, yau da safe muka ɗora a PyPI, ɗari ta fito da ƙugiyarta. Abokin aikina ya janye shawararsa tun a kan “An kara”.

Mun kuma saka `mkdocs build --strict` da `twine check` a cikin gwajin da yake gudana kafin kowace fitarwa. Na farkon ya riga ya kama mana mahaɗa biyu da suke nuni zuwa shafin da muka sauya wa suna tun a siga ta 1.1. Abin da ya rage shi ne jadawalin, wanda yanzu yake fitowa daidai a kwamfuta amma yake fita gefen allo a waya saboda ginshiƙan Hausa da Turanci sun yi faɗi, kuma muna tunanin raba shi gida biyu, kowane harshe da nasa.